Yadda ake sayen Nissan Figaro ko Pao ba tare da an kwaso tsatsa ba

Wanda ya fara ganin Nissan Figaro a titi zai iya rantsewa motar Turai ce ta shekarun 1950. Ga fitilu zagayayyu, ga farin rufi, ga bamba tana ƙyalli, ga kujerun fata. Sai ya leƙa ciki ya tarar da na'urar sanyaya mota, da gilasan da ake ɗagawa da maɓalli, da wurin saka faifan CD. A 1991 aka ƙera ta a Japan, kuma idan aka yaye adon, abin da ke ƙarƙashi Nissan March ce, wadda a Turai da Afirka aka fi sani da Micra. Abin da ke jan masu tara motoci ke nan: kamannin da, da injin da ba ya wahalar da bakanike. Amma nan ne kuma masu saye suke faɗawa rami, domin hankalinsu yana tafiya kan inji, alhali inji shi ne mafi sauƙin gyara a jikin waɗannan motoci. Abin da ke cinye kuɗi shi ne bodi da ƙananan kayan ado waɗanda kamfanin ya daɗe da daina ƙerawa.

A ƙarshen shekarun 1980 kuɗi sun yi yawa a Japan, farashin filaye da hannun jari ya yi tashin gwauron zabo, kamfanonin mota suka sami sararin yin wasa da zane. Nissan ta fitar da jerin ƙananan motoci huɗu da ake kira motocin Pike, kuma Naoki Sakai, wanda ba ma'aikacin kamfanin ba ne, yana cikin waɗanda suka kawo tunanin. Kaɗan-kaɗan aka ƙera su, aka rufe. Da tattalin arzikin ya faɗi a farkon shekarun 1990, wannan wasa ya ƙare, abin da ya rage a duniya shi ke nan.

Fara da sanin wacce kake nema

Be-1 ce babbar yaya. An nuna ta a bajekolin motoci na Tokyo a 1985, aka fara sayarwa a 1987, guda 10,000 kacal. Ita ce mafi ƙarancin ado a cikinsu, kuma kayan bodinta suna da wuyar samu. Ban cika ba wa mai farawa shawarar ta ba.

Pao ta fito a 1989. Ƙofofinta suna da maratayi a waje, jikinta yana da layuka kamar na tsofaffin motocin aiki, gilasan baya ana tura su sama ne su buɗe, ƙofar but kuma kashi biyu ce, sama da ƙasa. Wata uku kawai aka yi ana karɓar sunayen masu so, aka ƙera fiye da 30,000. Injinta MA10S ne mai cc 987 da kafireto, ƙarfin doki 52, kuma ana samun ta da giyar hannu mai biyar ko otomatik mai uku. Wasu suna da rufin tamfol da ake zugewa. A wannan shekarar ce aka fitar da S-Cargo, 'yar motar ɗaukar kaya mai siffar dodon koɗi, da inji mai lita 1.5. Ita ta fi dacewa da mai shagon da ke son a riƙa waiwayen tallarsa.

Figaro ce auta, ita ce kuma tauraruwar gidan. Shekara ɗaya aka yi ana ƙera ta, guda 20,073, kuma masu so sun yi yawan da sai da aka yi ƙuri'a kafin mutum ya sami damar biya. Injinta MA10ET ne, shi ma cc 987, amma da turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi, ƙarfin doki 76, giya otomatik mai uku kaɗai. Kala huɗu aka yi mata, kowace tana wakiltar lokaci ɗaya daga lokutan shekara huɗu na Japan: Emerald Green, Pale Aqua, Topaz Mist da Lapis Grey. Topaz Mist ce aka fi ƙera kaɗan, don haka yanzu ita ake yi wa rububi.

Idan aljihu bai kai nan ba, akwai 'yan baya. Subaru ta yi Vivio Bistro a 1995, Daihatsu ta yi Mira Gino a 1999, dukansu daga ajin ƙananan motocin da Japanawa ke kira kei, masu injin da bai wuce cc 660 ba. Akwai kuma Mitsuoka Viewt ta 1993, wadda aka ɗauki March aka yi mata fuskar tsohuwar Jaguar. Suna da daɗin sha'ani, amma an yi su da yawa ko an daɗe ana yi, ba su da irin kwarjinin motocin Pike a wurin masu tarawa. A ganina, mai son tuƙi ya nemi Pao mai giyar hannu, mai son a kalle shi ya nemi Figaro.

Kafin ka taɓa kuɗi, tambayi doka

Duk motocin Pike sitiyarinsu a dama yake, domin don kasuwar Japan kaɗai aka yi su. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Ghana ta bi baya a 1974, kuma a ƙasashen biyu mota mai sitiyari a dama tana cin karo da doka. Ban da haka, kwastan a Najeriya suna da iyakar shekarun motar da za a shigo da ita, mota mai shekara sama da 30 ta wuce wannan iyaka nesa. Kada wani dillali ya ce maka "za a san yadda za a yi". Ka sami amsa a rubuce daga hukuma kafin ka ba da ko sisi. Ana iya juya sitiyari zuwa hagu, amma dashbod ɗin Figaro nata ne ita kaɗai, ba a taɓa yin na hagu a masana'anta ba, kuma aikin yanka-da-liƙa yana zubar da darajarta a idon masu tarawa.

Ga mazauna Ingila hanya a buɗe take, can ma ne Figaro ta sami gida na biyu, har da garejojin da ba su da aikin da ya wuce gyaranta. Sai dai mazaunin Landan ya tuna cewa motar 1991 ba ta cika sharaɗin hayaƙi na birnin ba, zai riƙa biyan kuɗi duk ranar da ya fito da ita. A Amurka sai mota ta cika shekara 25 daga watan da aka ƙera ta kafin a bari a shigo da ita, wannan ya sa Pao ta fara shiga a 2014, Figaro a 2016. Kanada shekara 15 take nema.

Inda za ka samo ta, da karatun takardar gwanjo

Hanya biyu ce. Ko ka sayi wadda wani ya riga ya shigo da ita ƙasar da kake, ka je ka gani da idonka, ko ka bi ta gwanjon motoci na Japan, irin su USS da TAA. Ba a barin kowa ya yi tayi a can sai dillali mai rajista, don haka wakili za ka ɗauka ka biya shi la'ada. Wannan hanya cinikin biri a sama ne in ba ka iya karanta takardar da mai duba motoci na gidan gwanjon ya cika ba.

A saman takardar akwai maki. 5 mota ce kamar sabuwa, 4 mai kyau, 3.5 ta ga jiya, R ko RA kuma alama ce ta cewa ta taɓa yin haɗari an gyara ƙashinta. Motar da ta kai wannan shekaru, 3.5 ko 4 ba abin kunya ba ne. Cikin mota ana ba shi harafi, A ne mafi kyau. Shekara kuma da lissafin zamanin sarautar Japan ake rubuta ta: H1 shi ne 1989, H3 shi ne 1991, S62 kuma 1987. Lambar shasin Figaro tana farawa da FK10, ta Pao PK10, ta Be-1 BK10.

Abin da ya fi makin muhimmanci shi ne zanen motar da ke ƙasan takardar, inda aka yi wa kowane ɓangare alama. A ƙarzuwa ce, U lotsawa, W wurin da fanalbita ya taɓa har fenti ya yi igiyar ruwa, XX ɓangaren da aka canza. Waɗannan duk ana zama da su. Haruffa biyu ne za ka buɗe ido a kansu: S tsatsa ce ta sama-sama, C kuwa tsatsar da ta ci ƙarfe. Idan ka ga C a kusa da tayoyin baya ko ƙarƙashin ƙofa, ka bar wa wani. Ka sa wakilinka ya fassara maka rubutun hannun mai dubawa kalma bayan kalma, domin a nan yake rubuta yoyon mai, ƙarar inji da rufin da ya yage. Ka tambayi kuma lardin da motar ta zauna. Hokkaido da arewacin ƙasar dusar ƙanƙara suke sha, ana watsa gishiri a titi, Okinawa kuma iskar teku ce ke lasar ƙarfe.

Takardar fitar da mota daga Japan tana nuna kilomitar da aka rubuta a lokacin binciken lafiyar mota na baya-bayan nan, wanda suke kira shaken kuma ake yi duk shekara biyu. Ka gwada ta da abin da agogon motar ke nunawa.

Duba bodi, ka ɓata lokaci a nan

In motar tana gabanka, ka je da rana, da tocila da ɗan maganaɗisu da ka naɗe da ƙyalle don kada ya ƙarji fenti. Kada ka duba mota a jiƙe ko da magariba, ruwa da duhu suna rufa wa fenti asiri.

Fara da bakin bodin da ya kewaye tayoyin baya. Nan ne ciwon Figaro yake. Sa yatsunka ta ciki ka shafa: in ka ji kaushi, ko ɓarɓashi ya zubo, ko ka ga fenti ya yi ƙuraje daga waje, tsatsar ta riga ta taso daga ciki, abin da kake gani kaɗan ne daga abin da ke ɓoye. Bi da maganaɗisu a hankali. Inda ya ƙi kamawa, foti aka cusa aka fesa fenti. Sai dai kada ka yi wa mai mota ƙazafi a kan fuka-fukan gaba, domin na roba ne tun daga masana'anta, a Figaro da Pao da Be-1 duka, maganaɗisu ba zai kama su ba ko da lafiyarsu ƙalau.

Daga nan durƙusa ka duba dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa daga tayar gaba zuwa ta baya. Danna shi da babban yatsa, musamman wurin da ake kafa jak. In ya lotsa ko ya yi ƙara, aikin walda ne babba, kuma a motar da rufinta ke buɗewa wannan ƙarfe yana cikin abin da ke riƙe ta. Ɗaga kafet ɗin ƙafar direba da na fasinja ka taɓa soson da ke ƙasa. Danshi ko warin rima yana nufin ruwa ya daɗe yana shiga.

Figaro but biyu gare ta. Na sama shi ne rufi ke naɗewa ya kwanta a ciki, na ƙasa kuma safayar taya. A na saman akwai 'yan magudanan da ruwan sama ke bi ya fita. Ganye da ƙura suna toshe su, ruwa ya kwanta, ya ci ƙarfe a ɓoye shekara da shekaru. Zuba ruwan gora ɗaya ka ga ko zai fita ta ƙasa. Cire safayar ka haska ramin. Duba kuma ƙarfen da ya kewaye gilashin baya, wanda ke naɗewa tare da rufin, shi ma yakan ruɓe a ƙarƙashin lulluɓinsa ba a sani ba. A Pao, ka kula da gindin gilasai, da kewayen maratayan ƙofa, da ƙasan ƙofar but, da gefen rufin tamfol in tana da shi.

A ƙarshe a ɗaga motar ko a hau da ita kan rami. Baƙin fenti sabo fil a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tambaya ne. Wani don kariya ya shafa, wani don ɓoye ɓarna. Ka nemi hoton yadda wurin yake kafin a shafa. Mai gaskiya yakan ajiye.

Motar da aka yi wa sabon fenti mai walƙiya kuma aka sa mata farashi mai sauƙi, sau da yawa kyan ɗan maciji gare ta. Gara wadda fentinta ya koɗe amma ƙarfenta garau.

Rufi, kujeru da ƙananan kaya

Buɗe rufin da hannunka ka rufe, sau biyu. Lulluɓinsa yana tsukewa da shekaru har ya janye daga gefe, ruwa ya sami ƙofa. Ana samun sabo a wurin masu sana'ar, amma ka cire kuɗinsa daga farashi. Saman dashbod yakan tsage saboda rana, fatar kujerar direba kuma takan fashe a gefen da ake shiga.

Sai ƙirgen ƙananan kaya, wanda mutane ke rainawa. Maɓallan Figaro masu ƙyalli, farin sitiyarinta, murfin tayoyi, tambarin gaba da na baya, rediyonta da aka yi wa siffar ta zamanin da: kowane ɗaya nata ne, ba a cire shi daga wata Nissan a saka. Motar da aka yanke wa dashbod aka cusa rediyon zamani ta yi asarar da ba ta mayuwa cikin sauƙi. Kunna rediyon ko da ba za ka ji komai ba. Zangon FM na Japan a wancan zamani daga 76 zuwa 90 yake, don haka yawancin tashoshin waje ba za su kamu ba sai an sa 'yar na'urar da ke matsar da zangon, wadda ake ɓoyewa a baya ba tare da an yanka komai ba.

Inji da gwajin tuƙi

Ka ce kada a tayar da motar kafin ka iso, ka taɓa bonet ka tabbatar da sanyi. Buɗe murfin baƙin mai: in ka ga wani abu fari-fari mai kauri a jikinsa, mai yiwuwa ruwa yana haɗuwa da mai, gasket ɗin kan inji ta kusa ko ta riga ta tafi. Leƙa lagireto, ruwa mai kalar tsatsa alamar sakaci ne. Tayar da ita ka koma baya ka kalli salansa. Shuɗin hayaƙi a Figaro yawanci turbo ne ya gaji, kuma abin da ke gajiyar da shi rashin canza mai a kan lokaci. A Pao, kafireto ne zai nuna halinsa da sanyin safiya, in tana mutuwa ko tana rawa kafin ta ɗumama.

Tambayi ranar da aka canza bel ɗin taimin. In babu rasit, ɗauka ba a canza ba. A kan hanya, giyar ta shiga ɗaya, biyu, uku ba tare da fizga ba, allurar zafi ta tsaya a tsakiya ko da an tsaya a cunkoso, fankar lagireto ta tashi da kanta. Kada ka firgita in ka ji inji yana kuka a babban titi, giya uku ce kawai, haka aka halicce ta. Ka tuna kuma babu jakar iska ta kariya a cikinta. Motar yawon yamma ce da zagayen gari.

Wani kuskure da ake yawan yi: ganin Micra ta cika titunan Ibadan a matsayin tasi, sai a ɗauka kayan gyara a bagas suke. Yawancin waɗancan samfurin K11 ne da ya fito daga 1992, injinsu daban. Be-1 da Pao da Figaro a kan K10, samfurin da ya gabace shi, aka gina su. Kayan burki da na ƙafa da wasu na inji suna haɗuwa da na K10, amma turbo da abin da ke kewaye da shi sai an nema musamman.

Ciniki da jigila

Rubuta duk abin da ka gano, ka sa wa kowane kuɗin gyara, sannan ka yi tayi. In ta gwanjo ce, ka ba wakilinka iyakar da ba zai wuce ba tun kafin ranar, ka kuma tambaye shi ko farashin da ya faɗa ya tsaya a tashar jirgin ruwan Japan ne ko ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora har tasharku. A kan wannan sai ka ɗora kuɗin fito da na rajista. Daga Yokohama, Nagoya ko Kobe ake yawan lodi. Jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita ya fi araha, amma motar tana tafiya a buɗe da makulli a jiki, hannaye da yawa suna taɓa ta. Ga motar da maɓallinta ɗaya ke da wuyar samu, kwantena ta fi kwanciyar hankali. Ko ta wace hanya, a ɗauki hoton ciki da waje kafin lodi.

Makon farko a hannunka

Kada ɗoki ya sa ka fara yawo. A canza baƙin mai da matatarsa, man giya, ruwan lagireto da man burki. A sa sabon bel ɗin taimin tare da famfon ruwa, tunda hanya ɗaya ake bi a kai gare su. A duba robobin ruwa da na fetur, roba mai shekara 30 ba ta da amana. Tayoyin inci 12 ne, ka karanta shekarar da ke jikinsu ko da zanen bai cinye ba. Na'urar sanyaya motar da iskar R12 aka yi ta, wadda aka daina amfani da ita, sai mai gyara ya juya ta zuwa R134a. A wanke ƙarƙashin motar, a bar shi ya bushe sarai, sannan a fesa maganin tsatsa har cikin ramukan ƙarfe, musamman in a ƙasar da ake watsa gishiri a titi za ta zauna.

Daga nan sai ɗabi'a. Mai motar da ke da turbo ya riƙa canza baƙin mai kusan duk kilomita 5,000, in ya dawo daga tafiya mai nisa ya bar inji ya yi minti ɗaya yana aiki kafin ya kashe. A ajiye ta a inuwa, a riƙa zura 'yar waya mai laushi a magudanan rufi duk bayan 'yan watanni, a fito da ita ta zaga ko sau biyu a wata don kada burki ya kame. Duk abin da ka cire daga jikinta, ko rediyon da ya mutu ne ko tsagaggen murfin taya, ka sa a kwali ka rubuta sunansa, ka haɗa da takardar gwanjon da rasit ɗin kowane gyara. Ranar da za ka sayar, mai tara motoci zai tambayi kwalin nan kafin ya tambayi kilomita.